Ƙaryar da Ban Yi wa Umma Ba

Zalɓe 'yar kawuna ce, taubashiyata, kuma ni na laƙaba mata wannan sunan. Ina da shekara tara aka haife ta, ina bakin ƙofa ina leƙe, kuma na rantse sai da unguwarzoma ta zauna ta sha ruwa kafin ƙafafun nan suka gama fitowa. Har ta girma, in ta miƙe tsaye a shagona sai na kashe fanka, don fankar nake tausayi.

Ni kuwa Rediyo ake ce min, masu neman tsiya su ƙara da mai jini. Kitso nake yi. A makaranta na kai aji biyu na sakandare, kuma ba korata aka yi ba, ni da lissafi ne muka duba muka ga zaman ba zai yiwu ba. Abin da zan rubuta nan na rage masa gishiri iya yina. In kun ga wani wuri ya yi yawa, hannun ne ya saba.

Shagona ɗaki ɗaya ne a bakin titin da ya bi ta bayan makarantarsu. Kujera 'yar tsugunno biyu, benci ɗaya, madubi mai tsaga da ke raba fuskar mutum gida biyu, sai talabijin a sama a kan katako. Tun tana shekara goma sha biyu, da an tashi makaranta nan take yada zango. Ta cilla jaka ƙarƙashin benci, ta ɗauke rimot ba tambaya, ta kamo fim ɗin ban tsoro da rana tsaka. Masu zuwa kitso sun sha wahalarta. Kan mace yana tsakanin gwiwoyina, ba ta ganin komai sai siminti, sai kawai ta ji ihu daga sama ta zabura, tsagar da na fitar ta karkace. Akwai matar da ta tafi biki da layin kitso ɗaya yana kallon gabas, sauran suna kallon kudu, duk saboda Zalɓe.

Ita kuwa tana zaune da gyaɗa a cinya, tana yanke wa mutanen fim hukunci kamar alƙali.

"Dubi wannan sakarar. Kowa ya ce mata kar ta buɗe ƙofar nan, ga kiɗa ya canza, ita ga ta nan da fitila a hannu."

"To ita tana jin kiɗan ne, 'yar sanda?" in ji ni.

"Ko ba ta ji ba, ai tana da kai. Gida mai ɗaki goma, babu maƙwabci ɗaya da ya shigo yi muku barka da zuwa, ba za ki tambayi dalili ba?"

A ganinta dodon fim mutumin kirki ne, mai ladabi. Ba ya faɗo wa mutum haka kawai. Sai ƙwan fitila ya fara ƙifta ido, sai kare ya yi kuka, sai kiɗa ya yi ƙasa. Ta ce sallama uku ke nan, wanda ya tsaya bayan haka shi ya so.

Littattafanta ma irin su ne, waɗanda mutum zai ɓace a shafi na biyar, sai an ja ka shafi ɗari uku kafin a gaya maka inda aka kai shi. Amma Zalɓe daga baya take buɗe littafi. Sai ta karanta shafin ƙarshe, ta gyaɗa kai, sannan ta dawo farko hankali kwance. Na ce mata wannan ai satar amsa ce. Ta ce, "Marubucin nan ya san wanda ya yi kisan tun kafin ya ɗauki biro. Yana can zaune yana shan shayi, ni ina nan cikina yana ciwo. Mutumin da ban taɓa gani ba, don me zan yi masa wannan biyayyar?"

Wasannin makaranta kuwa, a nan bakinta ya fi kaifi, don yayanta shi ne gwanin gudun makarantar. Walƙiya ake ce masa, ya ba ta shekara uku. Takan ce da shi a gaban kowa, "Mutum lafiyarsa ƙalau, ba kare a bayansa, ba gobara, ya zagaya fili ya dawo daidai inda ya taso, sai a tafa masa a ba shi bokitin roba. Ko mutanen fim sun fi ku hankali, su da dalili suke gudu." Shi kuma sai ya ɗora mata bokitin a ka. Amma duk safiyar Asabar ita ke riƙe masa agogo a fili, in ya gama kuma su yi tsere su biyu zuwa gida. Na gan su da idona suna wucewa ta gaban shago, kuma ba kullum shi ke gaba ba. Taku ɗaya nata, uku na mutane.

Tana da shekara goma sha huɗu aka yi ranar wasannin da ba ma son ambata. Na rufe shago na je kallo, don rabin 'yan matan filin ni na yi musu kitso. A gudun zagaye fili sau ɗaya, Walƙiya ya ba na biyu tazara mai yawa. Da ya sha kwana ta ƙarshe sai ya rage gudu, kamar wanda ya tuna ya bar wani abu a gida. Ya durƙusa. Ya kwanta. Mutane ba su daina tafi ba tukun. Malamai suka ɗauke shi zuwa motar shugaban makaranta, Zalɓe ta faɗa ciki tare da su, ni kuma na kwasa da gudu zuwa gidan Kawu.

Matar Kawu, wadda dukanmu muke kira Umma, tana bakin famfo tana wanki. Dole in faɗi wani abu a nan, ko da ba zai yi min daɗi ba. A cikin watan nan kaɗai na taɓa shigo mata a guje na ce kasuwa ta kama da wuta, ashe murhun mai shayi ne ya yi hayaƙi. Na taɓa ce mata Walƙiya ya karye, ta fito ba takalmi, ta tarar farcen ƙafa ne ya ɗaga. Kullum dariya take yi daga baya, ta bi ni da tsintsiya.

Na ce, "Umma, Walƙiya ya faɗi a fili, ba ya motsi, an tafi da shi asibiti."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Wancan karon ƙafa ce, yau kuma duk jikin ne? Miƙo min bokitin can."

Na rantse mata. To amma rantsuwa ai ni da ita nake karya kumallo. Na fashe da kuka, ta ce har da hawaye yau, lallai na ƙware. Na kama hannunta, ta ture ni da gwiwar hannu tana murmushi, don kar kumfa ta ɓata min riga. Ta ɗauraye, ta matse, ta shanya riga uku a igiya, ɗaya ma tasa ce ta makaranta. Tana ɗaukar ta huɗu malamin wasanni ya tsaya da babur a ƙofar gida. Fuskarsa kawai ta gani.

Da suka isa, ma'aikaciyar jinya ta ce ya buɗe ido, ya tambayi ummansa sau biyu. Da kaɗan Umma ta rasa samunsa da rai. Likita ya ce ciwo ne a zuciya da aka haife shi da shi ba wanda ya sani, ko tana tsaye a kansa ba abin da zai canza. Gaskiya ya faɗa. Amma ba a kan wannan Umma take kuka ba.

Na jira ta zage ni. Na jira ta hana ni shiga gidanta, har na shirya inda zan sa kaina. Ba ta yi ko ɗaya ba. Abin da ta yi ya fi su nauyi. Daga ranar, duk abin da ya fito daga bakina Umma ta yarda da shi. Bayan wata uku na so in ga haƙoranta, na shigo na ce ruwan jiya ya yi yawa har kifi na tsinta a ƙofar shago. Ta dube ni da idon nan da ya faɗa, ta ce, "Allah sarki. Ruwan bai shiga miki ciki ba dai?" Wata rana na ce yunwa za ta kashe ni, ta miƙe nan take, ta juye min abincin Kawu gaba ɗaya. Na koma shago na rufe ƙofa. Tun daga nan, in zan shiga gidan sai na tsaya a soro na auna kowace magana kamar mai sayar da zinariya.

Ita kuma Zalɓe aka kai ta asibiti, aka manna mata wayoyi a ƙirji, inji ya zana layuka a doguwar takarda. Likita ya ce bai ga komai ba. Umma ta ce zai iya rantsewa? Ya ce a aikinsu ba a rantsuwa. Shi ke nan, suna dawowa gida ta sa yarinyar ta yi mata alkawari ba za ta sake gudu ba, ko ruwan sama ne ya biyo ta. Aka hana ta ɗaukar bokiti, aka hana ta hawa bene da sauri. In ta yi tari sau ɗaya, Umma tana bakin ƙofar ɗakinta. Kawu direban tirela ne, sati biyu yana hanya, kuma tun rasuwar duk abin da aka tambaye shi amsa ɗaya ce: abin da uwarki ta ce.

Ba ta daina zuwa shago ba, ba ta daina kallon finafinanta ba, sai dai alƙalin ya yi shiru. Wata rana ana cikin fim, kiɗa ya yi ƙasa, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "A fili ba a canza kiɗa ba, Yaya Rediyo. Tafi ake yi."

Haka aka yi shekara biyu. Ta shiga ajin ƙarshe, ta ƙara tsawo har ina tunanin a fara ba ta kwangilar canza ƙwan fitilar titi. Sati biyu kafin ranar wasanni ta shigo da la'asar, ba kowa a shagon, ta ciro takarda daga cikin littafi ta ajiye min a cinya. Tun abin da ya faru, makarantar ba ta barin yaro ya yi gudu sai uwa ko uba ya sa hannu a fom. Umma ba ta karatu, yatsa take dangwalawa, kuma malamin wasanni ya san haka.

"Ke da kika ce gudu aikin marasa hankali ne?"

"Har yanzu haka na ce. Ba bokiti nake so ba."

"To me kike so, 'yar sanda?"

Ta zauna a 'yar tsugunno, gwiwoyinta suka kai kunne. "Kin tuna sakarar nan mai buɗe ƙofa? Na daina zaginta. Shekara biyu ke nan ina kwana ina tashi da ƙofar nan a ƙirjina. In na hau mataki goma sai in tsaya in saurara. In na yi dariya da yawa sai in ga Umma tana kallon wuyana. Ban sani ba ko akwai abu a ciki, ko babu. Gara in buɗe."

Na ce ta je bayan kasuwa ta yi gudunta mana, wa zai gan ta. Ta ce ta yi wa Umma alkawari, ba za ta karya shi a ɓoye ba. In Umma ta dangwala, ta sake ta ke nan. Sannan a duk garin nan, ranar wasanni ce kaɗai ake ajiye ma'aikaciyar jinya da motar asibiti a bakin fili. Ta yi lissafinta tsaf, har da inda motar ke tsayawa.

"In ta dangwala ba ta san abin da ta dangwala ba, ai ba ta sake ki ba."

"Yatsanta ne ko ba nata ba?"

"Lauya za ki zama, wallahi, ta mugaye."

"Gobe Asabar za ki je yi mata kitso. Ki ce fom ɗin jarrabawa ne. Ni in na faɗa sai ta kira yaron maƙwabta ya karanta mata. Ke kuwa ko cewa kika yi takardar sayen jirgin sama ce, za ta dangwala."

Ta faɗi gaskiya, kuma ta san ta faɗa. Na karɓi takardar, na ce ta bar min komai, ƙarya ai gidanmu ce. Har da bugun ƙirji.

Da safe na tafi da mataji da tsinke da man kitso, da takardar a jaka, da ɗan kwalin tawada da na aro wurin mai buga takardu na kusa da ni. Umma ta shimfiɗa tabarma a inuwar ɗakinta, ta zauna a gabana ta cire ɗankwali. Kafin rasuwar, gashinta sai na yi da gaske hannuna ke zagaye shi. Yanzu tsifar minti goma ce, kuma furfura ta cinye gaban. Na taje, na shafa mai, na fitar da tsaga ta farko. Na yi layi biyu ban ce komai ba.

"Yau rediyon ba batir?" in ji ta.

Na ciro takardar na miƙa ta gefen kafaɗarta, na buɗe kwalin tawadar na ajiye a tabarma. Na ce daga makarantar su Zalɓe ne, ana son yatsanta. Ta goge babban yatsanta a zane, ta danna shi a tawadar, ta ɗaga shi sama.

"Ta mece ce?"

Kalmar tana bakina. Jarrabawa. Na faɗe ta sau ɗari a hanya, har da muryar da zan faɗe ta. Amma ina kallon ƙeyar matar nan daga sama, da siririyar tsagar da na fitar, da yatsa shuɗi a tsaye yana jiran abin da zan ce, ko ma mene ne.

"Ta gudu ce, Umma. Ranar wasanni. Tana so ta yi."

Ba ta juyo ba. Kazar maƙwabta ta shigo ta zagaya tsakar gida ta fita. Na ci gaba da kitson don hannuna ya samu abin yi, ina gaya mata duk abin da yarinyar ta ce, da ƙofar, da motar asibiti, ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Na ce likita ma bai ga komai ba. Na ce yarinyar tana tsufa a tsaye.

Can ta ce, "Na sani. Ina jin ta tana tsayawa a matakala." Sannan ta juyo da kanta gaba ɗaya, har layin da nake kamawa ya kuɓuce. "Ke gaya min. In kin ce ba za ta faɗi ba, zan dangwala yanzu."

Ba gatse take yi ba. Da na ce ba za ta faɗi ba, da ta danna yatsan nan, ta je ta zauna a bakin fili hankalinta kwance, saboda Rediyo ta faɗa. Kuma wataƙila da gaskiya ce. Cikin ɗari, wataƙila casa'in da tara gaskiya ce. Ni da na taɓa rantsewa na ga ɓera ya kori kyanwa har kan katanga.

Na ce, "Ban sani ba, Umma."

Ta juya, ta gyara zama, ta sa gefen zaninta tana goge yatsan a hankali har tawadar ta koma kan zanin. Ta ce in ƙarasa mata, rana tana yi. Na ƙarasa. Layi takwas ne, ban taɓa yin kitso mai tsawonsu ba.

Zalɓe tana jirana a bencin shago. Na miƙa mata takardar. Ta duba gurbin yatsan, fari fat, sai ɗan maiƙon hannuna a gefe. Na fara bayani, ta ɗaga hannu.

"Kin gaya mata."

"Na gaya mata."

"Ta ce a'a?"

"Ba ta ce a'a ba. Ta ce in na tabbatar mata ba za ki faɗi ba."

"Sai kika ce me?"

Na faɗa mata. Ta ninke takardar gida huɗu, ta daidaita gefunan da farce, ta sa a littafi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kin yi ƙarya dubu a banza, Yaya. Kin yi a kan kifi, kin yi a kan ɓera. Ranar da ake neman guda ɗaya, ranar kika tuba."

Ta ɗauki jakarta ta fita.

Ranar wasanni ban je ba. Lasifikar makarantar tana shigowa har cikin shago, ana kiran sunaye, ana tafi. Wadda nake yi wa kitso ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. An gaya min waɗanda ba su kawo fom ba an zaunar da su a ƙarƙashin rumfa, ita kuma an ba ta aikin miƙa wa masu gudu ruwa, don hannunta ya fi kaiwa. Shekararta ta ƙarshe ke nan a makarantar.

Da aka tashi na tsaya a bakin ƙofa ina jira. Ga ta nan tafe cikin yara, a hankali, kanta ya fi na kowa. Na tattaro duk abin da ya rage min na tsiya na jefa mata.

"Zalɓe, sunkuya, kar ki tsinke mana wayar lantarki."

Ta tsaya. Da can sai ta ce in hau kujera in maimaita, ba ta jin magana daga ƙasa. Sai ta ɗan rusuna, hannu a gwiwa, kamar ta ga surukarta.

"Ina wuni, Yaya. Ya aiki?"

"Lafiya lau."

"To madalla. A gaida mutan gida."

Yau shekara ɗaya da wata huɗu. Ta gama makaranta, tana koyon aiki a wani shagon magani a can ƙarshen titi, ita ke sauko musu da kaya daga katakon da ya fi nisa sama. Safe da yamma ta gaban shagona take bi. Ba ta taɓa wucewa ba ta gaishe ni ba, kuma ba ta taɓa shigowa ba.